Dalsimar Tsaunukan Afalashiya: Yadda Ake Kaɗa Ta, Koyon Ta da Tara Ta

Dalsima abar kiɗa ce ta katako mai tsirkiya uku ko huɗu, wadda ta samo asali a tsaunukan Afalashiya da ke gabashin Amurka, musamman jihohin Bajiniya, Bajiniya ta Yamma, Kentaki, Tenesi da Karolina ta Arewa. Dogon akwati ne siriri, tsawonsa kamar yadi ɗaya. Ba ta da wuya irin na gurmi ko garaya, domin allon da ake danna tsirkiya a kansa kwance yake a bisa akwatin tun daga kai har gindi. Shi ya sa ba a rungumar ta, a kan cinya ake kwantar da ita, hannun hagu yana danna, na dama yana kaɗawa. Akwai wata dalsimar dabam mai tsirkiyoyi da yawa da ake bugawa da ƙananan sanduna biyu, amma suna kaɗai ya haɗa su.

Kakarta wata abar kiɗa ce ta Jamusawa mai suna scheitholt, wadda baƙin da suka sauka a Fensilbaniya a ƙarni na 18 suka zo da ita. Da zuriyarsu ta gangara kudu ta kwarin Shenandoah, ta cuɗanya da mutanen da suka fito daga Sikotland da arewacin Ailan, sai masassaƙan karkara suka faɗaɗa akwatin, suka ɗaga allon dannawa ya yi tudu a tsakiya. Wannan ya faru ne a farkon rabin ƙarni na 19. Tana da 'yan uwa a Turai har yau: langeleik a Nowe, hummel a Suwidin, da épinette a tsaunukan Vosges na Faransa. Dalsima ta daɗe a matsayin abar kiɗan cikin gida a 'yan ƙauyuka kaɗan, har sai da Jean Ritchie, wadda aka haifa a Viper ta Kentaki a 1922, ta tafi da tata Niyok a ƙarshen shekarun 1940, ta riƙa rera waƙoƙin gidansu da ita a bainar jama'a. Littafinta na koyarwa, The Dulcimer Book, ya fito a 1963. Joni Mitchell ta kaɗa ta a faifanta Blue na 1971, kuma a 2001 jihar Kentaki ta ayyana ta a matsayin abar kiɗan jiha.

Tsarin matakai

Duk wanda ya gane yadda aka jera matakan dalsima ya gane sauƙinta da kuma iyakarta. Matakan ƙananan ƙarafa ne da aka gicciya a kan allon. A jita, kowane mataki rabin taku ne na amo, saboda haka duk wani amo yana nan, mai daɗi da mara daɗi. A dalsima kuwa an tsallake wasu da gangan. Daga kai zuwa ƙasa tazarar tana tafiya haka: mai faɗi, mai faɗi, ƙarama, mai faɗi, mai faɗi, ƙarama, mai faɗi. A mataki na 7, wanda yake daidai tsakiyar tsirkiyar, amon farko yana dawowa da siririyar murya, daga nan jerin ya sake farawa. Idan an ɗaure tsirkiya a kan amon D, matakan za su ba da E, F mai kaifi, G, A, B, C, sannan D na sama. Da wuya mai koyo ya danna abin da zai soki kunne, amma kuma akwai waƙoƙin da amonsu babu shi a kan allon sam.

Don rage wannan matsala, maƙera na zamani suna cusa ƙarin mataki tsakanin na 6 da na 7, wanda ake rubutawa 6+ ko 6½, yana ba da C mai kaifi. Tun daga shekarun 1970 ya zama ruwan dare. Yana rikitar da sabon shiga wajen ƙirga, domin ba a ba shi lamba 7, don haka mai koyo ya fara tantance shi da ido: wuri ne da ƙananan tazarori uku suke jere da juna.

Tsirkiyar da ta fi kusa da jikin makaɗi ita ce tsirkiyar waƙa. A dalsima mai tsirkiya huɗu ita ce ake ninkawa biyu, a ɗaure su a kan amo ɗaya, a danna su tare. Ta tsakiya da kuma mai kaurin da ke can nesa su ne na rakiya: a salon gargajiya ba a danna su ko kaɗan, suna ta kuka ne da amo ɗaya a ƙarƙashin waƙar daga farko har ƙarshe. Wannan kukan da ba ya yankewa shi ne muryar dalsima.

Ɗaurin tsirkiya

Ana kiran kowane ɗauri da haruffa uku, daga mai kauri zuwa ta waƙa. Biyu ne suka fi shahara, DAA da DAD. Na'urar saiti ko manhajar waya tana sauƙaƙa aikin, amma ya kamata mai koyo ya iya yi da kunne. Ana fara kai mai kauri kan D. Sai a danna ta a mataki na 4, a kaɗa, a murɗa kunnen ta tsakiya, wato abin da ke ɗaure ta, har muryoyin biyu su zama ɗaya. Wannan shi ne A. Idan DAA ake so, a daidaita ta waƙa da ta tsakiya, an gama. Idan DAD ne, a danna ta tsakiya a mataki na 3, a ja ta waƙa har ta kai wannan amon. A riƙa kaɗa tsirkiyar yayin da ake murɗa kunnen, a kuma tabbata kunnenta ne aka kama. Yawancin tsirkiyoyin da ke tsinkewa a hannun sabon shiga, yana murɗa kunnen wata ne yana sauraren wata.

Bambancin ɗaurin biyu ba ƙarami ba ne. A DAA jerin amo yana farawa ne daga mataki na 3 ya ƙare a na 10, saboda haka akwai amo uku a ƙasan gida, wato amon da jerin ke farawa da shi, abin da tsofaffin waƙoƙin coci da na labari suke buƙata ƙwarai. Ba ya kuma neman mataki na 6+. A DAD jerin yana farawa daga buɗaɗɗiyar tsirkiya, ya bi ta 6+ zuwa 7, kuma ya fi dacewa da haɗa amo uku a lokaci ɗaya. Yawancin ƙungiyoyi da littattafan yanzu DAD suke bi. Wanda ya sami waƙa a rubuce a DAD yana son kaɗa ta a DAA, ya ƙara 3 a kan kowace lamba, sai 6+ da ke komawa 9.

Waƙoƙi masu sanyin jiki da alhini suna da nasu ɗaurin. Idan aka sassauta ta waƙa zuwa C, wato amon mai kauri a mataki na 6, an sami DAC, gidansa a mataki na 1. Idan aka kai ta G, amon mai kauri a mataki na 3, an sami DAG, gidansa a mataki na 4. Tsofaffin makaɗa ba su damu da haruffan ba. Sukan ɗaure mai kauri inda ya yi wa muryarsu daidai, su gina sauran a kanta, su sake ɗauri duk lokacin da waƙa ta canja.

Zama da kaɗawa

Kujera marar hannu ake nema, gajera yadda cinyoyi za su kwanta a miƙe. A buɗe gwiwoyi sosai, kan dalsimar a hagu, wajen mataki na 1 a bisa gwiwar hagu, gindin kuma a jawo shi kusa da kwankwason dama. Wanda ya haɗe gwiwoyi zai ga da ya danna can sama sai gindin ya ɗaga. Idan tana zamewa a kan wando, ana shimfiɗa guntun roba a cinya ko a ɗaura mata maɗauri ta bayan kugu.

Salon farko shi ne na madanni. Madannin guntun ice ne mai santsi, kaurin fensir ko ya ɗan fi, tsawon yatsa. Na gora ko na katako mai tauri ya fi daɗewa. Ana ɗora babban yatsa a kansa, gefen manuniya kuma yana bin gefen allon don bakin icen kada ya wuce tsirkiyar waƙa ya taɓa ta tsakiya. A danna dab da bayan mataki, ta ɓangaren hagu. A bisa ƙarfen amo yana mutuwa, nesa da shi kuma tsirkiya tana zuza. Muhimmin abu shi ne kada a ɗaga madannin tsakanin amo da amo: a ja shi yana danne, har a ji wani siririn fito yayin da yake tsallake matakan. Masu koyo da yawa suna ɗaukar wannan fiton a matsayin kuskure, alhali shi ne adon salon.

Hannun dama yana riƙe da makaɗi. A da gashin fiffiken dinya ko na talotalo ake fiƙewa, yanzu kuwa ɗan faifan roba ne mai kusurwa uku, kuma mai laushi ya fi wa sabon shiga. Kusa da gindi an rarake allon ya yi kwari don makaɗi ya sami wurin wucewa, ko da yake amo ya fi taushi idan an matso sama kaɗan. Bugun da ake fara koya shi ne ɗaya dogo, biyu gajeru: waje, sannan waje da ciki. Hannun ya riƙa kaiwa da komowa ba tsayawa, ko da a inda ba zai taɓa tsirkiya ba. Hannun dama ne ke riƙe da waƙar. Wanda ya kuskure mataki ya ci gaba da bugu, babu mai lura; wanda ya tsaya neman matakin kuwa ya yanke wa kowa kiɗa.

Salo na biyu shi ne na yatsu, inda ake danna tsirkiyoyi ukun a haɗa amo. Ana rubuta haɗin da lambobi uku daga mai kauri zuwa ta waƙa. A DAD, 0-0-2 haɗin D ne, 0-1-3 haɗin G, 1-0-1 haɗin A, kuma da waɗannan ukun ana raka ɗaruruwan waƙoƙi. Daga baya a ƙara 2-3-4, 3-3-5, 1-2-4, da 2-1-0 mai sanyin murya. Masu wannan salon da yawa suna cire ɗaya daga tagwayen tsirkiyar waƙa don dannawa ta yi sauƙi. Salon yatsu ya buɗe wa dalsima ƙofar kiɗan zamani, David Schnaufer ma har ya koyar da ita a makarantar kiɗa ta Jami'ar Vanderbilt da ke Nashville. Duk da haka ya fi kyau mai koyo ya fara da tsirkiyar waƙa ita kaɗai na wani lokaci, domin a nan kunne ke koyon inda kowane amo yake zaune a kan rakiyar.

Waƙoƙin farko sanannu ne. Boil Them Cabbage Down ba ta wuce mataki na 3 a DAD. Go Tell Aunt Rhody tana koyar da hawa da sauka, Old Joe Clark kuma tana amfani da mataki na 6 na asali, don haka da ita ake gane bambancinsa da 6+.

Koyo a cikin jama'a

Yawancin masu dalsima a Amurka a ƙungiya suke koyo. Ƙungiyoyin suna taruwa a zauren coci, ɗakin karatu na gari ko cibiyar dattawa, sau ɗaya a mako ko a wata, kuma da dama daga cikin membobin sai da suka yi ritaya suka fara taɓa abin kiɗa. Ana zama a da'ira, kowa ya zaɓi waƙa idan layi ya zo kansa. Wanda ya zaɓa shi ke farawa, shi ke sa gudu, kuma idan an maimaita ta kamar sau uku sai ya ɗaga ƙafa, alamar wannan zagayen ne na ƙarshe. Ladabin zaman ba shi da yawa: a daidaita ɗauri kafin a zauna, kada a riƙa taɓa tsirkiya yayin da ake magana, wanda bai san waƙa ba ya kaɗa haɗin a hankali har ya kamo ta. Ƙungiyoyi da yawa suna ware zama na musamman mai tafiya sannu don sababbi.

Abin da ake rabawa a irin wannan zama shi ne takardar tab: layuka uku a kwance, kowanne tsirkiya ɗaya, da lambar mataki a kai. Tab ta sa mutum yana iya kaɗa waƙa a ranar farko, amma tana da illa. Akwai makaɗan da suka shekara da shekaru ba sa iya waƙa ɗaya in babu takarda a gabansu. Maganin shi ne a fara rera waƙar da baki har ta zauna, a koyi jimla ɗaya, a kife takardar, a kaɗa ta daga ka.

Matsala tana tasowa idan mai dalsima ya shiga cikin masu biyolin da banjo, wato abar kiɗan nan da asalinta ya je Amurka tare da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma. Su ba a D kaɗai suke kiɗa ba. A nan ake amfani da kafo, wani ɗan matsi da ke danne tsirkiyoyin duka a mataki ɗaya: a DAD, kafo a mataki na 3 yana ba da G, a na 4 yana ba da A, a na 1 kuma E mai sanyi. Matsala ta biyu ita ce murya, domin dalsima ba ta da ƙara, kuma cinya tana shanye rawar bayan akwatin. Wasu suna ɗora ta a kan wani allo da ke raba ta da cinya. Mutanen yankin Galax na Bajiniya kuwa tun tuni suka ƙera tasu da babban ciki da baya biyu, suka ɗaure tsirkiyoyi huɗun a kan amo ɗaya, suna bugu da gashin tsuntsu da sauri, yadda za ta iya kiɗan rawa tare da sauran.

Manyan tarukan shekara su ne inda ake haɗuwa da malamai da maƙera. A Galax ana taron makaɗan gargajiya tun 1935, a watan Agusta. A Winfield ta jihar Kansas ana gasar ƙasa ta dalsima kowace Satumba a bikin Walnut Valley. Cibiyar Ozark Folk Center da ke Mountain View a Akansas tana shirya darussa, kuma a garin ne kamfanin McSpadden yake ƙera dalsima. Mujallar Dulcimer Players News, da aka fara bugawa a 1975, ta daɗe tana haɗa waɗannan jama'a.

Saye da tarawa

Mai sayen dalsimar farko ya duba abu uku kafin kyan katako. Na ɗaya tsawon tsirkiya daga jakin kai zuwa jakin gindi, wanda yakan kama daga inci 25 zuwa 29. Mai gajerun yatsu da ke son salon haɗi ya nemi gajera. Na biyu tsayin tsirkiya daga allo. Makaɗan Amurka suna gwada shi da tsabar kuɗinsu: ƙwandalar senti 10 ta shige ƙarƙashin tsirkiya a gefen mataki na 1, ta senti 5 kuma a bisa mataki na 7, wato kusan milimita 1.35 da 1.95. Abin da ya fi haka zai ci yatsa. Na uku gaskiyar matakai: amon mataki na 7 ya zama daidai da na buɗaɗɗiyar tsirkiya a sama. Akwai dalsimomi masu arha da aka yi don ado a bango, matakansu ba sa kan lissafi, kuma babu ɗaurin da zai gyara su. Ta kwali mai allon katako na ƙwarai, irin wadda ake raba wa 'yan makaranta, ta fi su amfani nesa.

Masu tara tsofaffi suna fara karanta siffa. Mai kama da ɗigon hawaye ta fi yawa a Bajiniya, mai siririn kugu kuma a Kentaki, Bajiniya ta Yamma da Karolina ta Arewa. Sunan da ya fi kowanne daraja shi ne James Edward Thomas na gundumar Knott a Kentaki, wanda ya fara ƙira a 1871, ya rasu a 1933, bayan ya yi kusan 1,500. Nasa sirara ne, masu tsirkiya uku da ramukan amo masu siffar zuciya, wasu an shafe su da baƙin fenti, kuma yakan rubuta lamba da kwanan wata a ciki, inda ake leƙawa ta ramin. Jethro Amburgey na makarantar Hindman ya ɗauki fasalinsa ya ci gaba da shi, Homer Ledford na Winchester kuma ya ƙera kusan 6,000 kafin rasuwarsa a 2006. Charles N. Prichard na Huntington a Bajiniya ta Yamma yakan manna bugaggiyar takardar suna a cikin nasa a ƙarni na 19. Littattafai biyu ne madogarar masu tarawa: kundin L. Allen Smith na 1983, wanda ya kasa tsofaffin zuwa gida biyar, da The Story of the Dulcimer na Ralph Lee Smith na 1986.

Tsohuwar dalsima tana da alamunta. Matakanta guntayen waya ne da aka lanƙwasa aka kafa a ƙarƙashin tsirkiyar waƙa kaɗai, ba su ratsa allon ba. Kunnuwanta na ice ne da aka sassaƙa da hannu, babu mataki na 6+, kuma sau da yawa tana da ƙananan ƙafafu uku don a ɗora ta a kan tebur. Maƙeranta da kunne suka kafa matakan, don su yi daɗi a kan rakiya. Idan aka gwada su da na'ura sai a ga kamar sun kauce, idan aka yi haɗin yatsu kuma su yi tsami. Wannan ba lahani ba ne, kuma babbar ɓarnar da ake yi wa irin waɗannan ita ce gyara: ƙara mataki, huda kai don sa kunnuwan ƙarfe, ko kankare fenti. Kowanne yana zubar da darajarta a kasuwa, yana kuma shafe shaidar yadda kiɗan ya kasance. A kaɗa ta da madanni, a ɗaure ta ƙasa kaɗan, kamar CGG, da siraran tsirkiyoyi. Kunnen ice kuwa ana tura shi ciki ne yayin murɗawa, in yana zamewa a goga masa ɗan alli. Duk abin da aka sani game da wanda ya ƙera ta da gidajen da ta bi a rubuta shi a ajiye tare da ita, ba a jikinta ba.

Tsohuwa ko sabuwa, bushewa ce babbar abokiyar gabarta. Katakon siriri ne, yana son laimar iska wajen kashi 40 zuwa 55 cikin ɗari. A ɗaki mai na'urar ɗumama ko cikin mota a rana yakan tsage, manne ya saki. A lokacin bushewa ana ajiye ta a gidanta tare da ɗan soso mai laima a cikin roba mai huji. A goge tsirkiyoyi da ƙyalle bayan kiɗa, a canja su idan muryarsu ta dushe ko sun fara tsatsa. Kaurin da aka saba shi ne inci .010 zuwa .012 ga ta waƙa, .012 zuwa .014 ga ta tsakiya, da naɗaɗɗiya .020 zuwa .024 ga mai kauri, a kuma lura ko gindin na mai zobe ne ko na mai ƙwallo. A canja su ɗaya bayan ɗaya, domin a wasu dalsimomin jakin gindi ba a manne yake ba, tsirkiyoyin ne ke riƙe da shi, kuma idan ya gusa ko da kaɗan duk matakan za su kauce har sai an mayar da shi wurinsa.